Keken da Ba Ya Naɗewa

Auta ta saba zama ta ƙarshe. A duk jirgin da ta hau, sai kowa ya sauka, iyaye sun tattara 'ya'yansu, an kwashe jakunkuna, sannan a tuna da ita. Aikin tafinta ya kai ta ƙasashen da ko sunansu mahaifiyarta ba ta iya faɗa, kuma ko'ina tsarin ɗaya ne. Kekenta yana tafiya cikin kaya a ƙasan jirgi. In an sauka a hauro da shi bakin ƙofa, a kai ta gare shi a wata siririyar kujera mai ɗamara.

Wannan karon tare da Yaya suka zo, babban wanta, wanda bai taɓa fita waje ba. Tun a sama yake riƙe da hannun kujera kamar shi ne matuƙin.

Da aka turo ta bakin ƙofa, sai ta ga wani mutum cikin rigar aiki tsaye da keken filin jirgi, irin mai ƙananan tayoyi, wanda mai zama ba ya iya tura kansa.

"Ga kekenki, Hajiya," in ji ma'aikaciyar jirgin.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Ai duk ɗaya ne."

"Ke da matuƙi ma duk ɗaya ne? Ina kekena? Baƙi ne, mai gajeren baya, da matashi shuɗi."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Mai matashi shuɗi? Ai wani tsoho ne ya fara fitowa yana ɗingishi, abokin aikina ya zaunar da shi a kai, suka wuce. Haka muke yi. Wanda ya fito da ƙyar, keken da ke bakin ƙofa nasa ne."

Auta ta ga abubuwa a tafiye-tafiyenta. An taɓa hawa da ita bene ta ƙofar da ake fitar da shara. An taɓa ba ta sadaka a bakin ɗakin taron da ita za ta fassara jawabin buɗewa. Amma a ɗauki ƙafafunta a ba wa wani, wannan bai taɓa zuwa mata ko a mafarki ba.

Keken nan a jikinta aka auna shi, daga ƙugu har dunduniya. Matashin kuwa shi ke tsare ta daga gyambon zama, wanda ya taɓa kwantar da ita rub da ciki wata da watanni. Ga shi gobe da safe tana da aiki.

"Ku mai da ni kujerata," ta ce.

"Hajiya, a ƙasa akwai ofishin kayan da suka ɓata..."

"Bai ɓata ba. Bayar da shi kuka yi. Ku mai da ni."

Ta san abin da take yi. Da zarar ta bar jirgin nan, ta zama mai cigiya a bakin taga, a ce mata ta dawo jibi. Muddin tana ciki kuwa, jirgin ba zai tashi ba, matsalar tasu ce.

Aka mai da ita. Masu shara suka shigo da tsintsiya da jakunkunan leda, suka yi cirko-cirko. Yaya ya sunkuyo, gumi na tsattsafo masa.

"Auta, kallonmu fa ake yi. Ki bari in goya ki mu fita, ma nemi keken a hankali."

"Yaya, rabonka da goya ni tun ina aji uku, kuma a kwata ka zubar da ni."

"Santsi ne ya ja ni."

"To nan ma akwai santsi. Zauna."

"Ƙasar mutane ce. In suka kira 'yan sanda fa?"

"Sai su zo da keke mai matashi shuɗi."

Wata dattijuwa cikin masu shara ta danne dariya, ta jingina tsintsiyarta, ta zauna a hannun wata kujera. "Zauna abinki, 'yata," ta ce. "Mu ma mun samu hutu."

Matuƙin ya fito da kansa. Ya yi bayani cikin ladabi cewa akwai fasinjoji cike da ɗakin jira, jirgin zai makara. Auta ta saurare shi har ya gama, ta ce ta tausaya musu ƙwarai, domin ta san zafin jira. Ya dube ta, ya dubi agogo, ya ɗauki waya. Ƙugunta ya fara yi mata gargaɗi, don haka ta dafa hannayen kujera tana ɗaga jikinta lokaci-lokaci, ba tare da ta bari fuskarta ta nuna ba.

Can sai ga shugaban masu tura keke. Bai turo keken ba, rungume shi ya yi a ƙirji. Ya ajiye shi a bakin ƙofa, ya ƙi haɗa ido da kowa.

"Da yaronmu da ya tura tsohon ya sauke shi a mota," ya ce, "sai ya zo naɗe shi ya jera cikin namu. Namu duk naɗewa suke. Wannan ya ƙi. Ya ɗauka tsatsa ce, sai ya kwantar da shi ya sa gwiwa."

"Ba ya naɗewa," in ji Auta a hankali. "Ƙarfe ɗaya ne."

"Yanzu mun sani, Hajiya."

Tayar hagu ta karkace ciki. Ƙarfen ƙarƙashin mazaunin ya lanƙwashe, fentin ya tsage a daidai inda gwiwar ta danna. Matashin dai yana nan, da ɓurɓushin biskit ɗin tsohon a kai. Dattijuwar ta yi salati. Yaya, wanda ɗazu yake tsoron 'yan sanda, ya miƙe yana huci, sai da Auta ta kama gefen rigarsa.

Aka kai ta gare shi a siririyar kujerar. Ta kakkaɓe matashin da tafin hannunta, ta dafa, ta ja jikinta ta zauna. Keken ya yi ƙara, amma ya ɗauke ta. Ta tura sau ɗaya, ya kauce hagu ya nufi bango. Ta riƙe tayar dama, ta daidaita, ta sake turawa. Ya sake kaucewa.

Shugaban ya miƙo hannu zai kama bayan keken.

"Kada ka taɓa," ta ce. "Ka wuce gaba ka nuna min ofishin wanda zai gyara shi yau."

Hanyar doguwa ce, ga gilashi a gefe, bayansa fasinjojin da suka makara sun yi layi suna kallo. Kowace turawa sai ta biya ta da gyara, tayar na gurzar ƙarfe tana kuka. Kafin rabin hanya kafaɗarta ta ɗauki wuta. Yaya yana biye da jakunkuna biyu, hannunsa na kaiwa ga keken yana dawowa.

"Auta, ko kaɗan in taimaka?"

"Ka taimaka," ta ce tana haki. "Ka ce wa mutanen can da ke gabanmu su matsa dama. Hagu nake zuwa."