Kalmar Sirrin Babandi

Karo na tara ke nan Ramlat ta buga kalmar sirri, kwamfutar ta sake cewa ba haka ba ne. Ta gwada sunan 'yar yayanta, ta gwada lambar motar, ta gwada sunan mahaifinsu da shekarar rasuwarsa. Gumi na ɗiga daga haɓarta.

Ofishin dai suna ne kawai. Ɗaki ne guda a bakin titin Sabo, unguwar Hausawa a Kudu, inda yayanta Babandi yake tafiyar da harkar manyan motocinsa uku masu kawo albasa kasuwar Bodija daga Arewa. Da asuba wani direba ya bugo waya ya ce ya ga 'yan bindiga sun tare ɗaya daga cikinsu kafin Jebba, sun karkata da ita daji. Babandi yana cikin motar, domin wannan karon da kansa ya biyo kaya. Tun lokacin wayarsa a kashe take.

Akwai na'urar bin sawu a maƙale ƙarƙashin motar, wadda za ta nuna inda take. Ramlat ta kira Oga Lekan, Bayeraben da ya saka ta.

"Anti, idan sun yanke waya, batirin ciki awa goma yake yi," in ji shi. "Zuwa la'asar ya mutu. Ki shiga shafin yanzu yanzu."

"Ba ni da kalmar sirrin, Oga. Ejo, don Allah, ka buɗe min ta wajenku."

"Ai ke kika sa aka canza ta, har kika ce in goge tawa. Sai dai babban ofis a Legas, su kuma sai da takardar 'yan sanda. Kwana biyu, in an yi sauri."

Gaskiya ya faɗa. Bara wani akawu da aka sallama ya kwashe kalmomin sirrin da Babandi yake rubutawa a bayan kalanda, ya karkatar da lodi guda sukutum. Ramlat, mai difloma a kwamfuta, ta samu abin da take nema. Ta tattara komai, na imel da na na'urorin motoci, ta zuba a wata manhaja mai kulle da kalma guda tak. Ta sa Babandi ya zaɓi kalmar ita tana waje, ta kuma ja masa kunne: "Yaya, ko ni kada ka faɗa wa." Babandin da tun suna yara bai taɓa jin maganarta ba, ko ruwa ta ce masa da zafi sai ya tsoma yatsa, ranar nan ya ji.

Kawu Maikuɗi, ƙanin mahaifinsu, yana tsaye a kanta, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Ki kira masu abin mana! Wanda ya ƙera kwaɗo ai ba ya rasa mabuɗi."

"Na rubuta musu, Kawu, sun amsa. Su ma ba su san kalmar ba. Haka aka gina shi. Abin da ke ciki a cakuɗe yake isa wurinsu, ba mai iya karantawa sai mai kalmar."

"Ko rai ne a ciki?"

"Ko rai ne."

Kawu ya ce, "To wannan wace irin amana ce, wadda mai ajiya bai san abin da aka ba shi ba?"

Da a jiya ne da ta ce masa ai nan ingancin yake. Yau sai ta sunkuyar da kai.

Ana kiran azahar ta tuna da takardar. Ranar da ta kafa manhajar ta buga wata takarda mai ɗauke da dogon jerin haruffa da lambobi, wadda ke buɗe komai idan an manta kalmar. Ta ba Babandi ta ce ya ɓoye inda ɓarawo ba zai kai ba. Ta zazzage durowa, ta ɗaga tabarmar salla, ta leƙa har bayan hoton Ka'aba, babu. Matarsa ta ce a waya ita dai ba ta gani ba, amma duk abin da yake ji da shi wurin Inno yake kaiwa.

Ta tare mai babur ɗin okada ko ciniki ba ta yi ba, sai gidan Inno.

Gidan ya cika da mata, an yi jugum-jugum kamar an riga an yi rasuwa. Inno, mahaifiyarsu, tana ƙuryar ɗaki a kan buzu, carbi a hannu, idanunta sun kumbura. Ramlat ta durƙusa gabanta.

"Inno, Yaya ya taɓa ba ki ajiyar wata takarda?"

"Ya ba ni. 'Yar ƙarama, ya ninke ta ya naɗe da zare. Ya ce in riƙe da kyau, kada kowa ya buɗe."

Ramlat ta ji numfashinta ya dawo. "Alhamdu lillahi! Tana ina? Ba ni ita maza, Inno."

"Ai ba ta nan, 'yar nan." Tsohuwar ta gyara zama. "Ni da na ga yadda ya naɗe ta, na san daga hannun babban malami ta fito. Na ce abu mai daraja haka ya zauna a ƙasan adaka yana cin ƙura? Na kai wa baduku ya ɗinke ta da jar fata. Da zai yi wannan tafiyar, na ji ana ta maganar hanya ta lalace, sai na ɗinke masa ita a cikin aljihun rigarsa. Bai ma sani ba. Kin san shi da gardama."

Ramlat ta zauna daɓas a ƙasa. A tsakar gida wata mata tana jan salati ƙasa ƙasa. Ta dubi wayarta, ƙarfe uku saura kwata. Daga Sabo zuwa Jebba ko tsuntsu ba zai kai kafin la'asar ba, balle a san dajin da za a shiga.

Gaskiyar maganar ta zo mata har baki. Ta dubi yatsun Inno, waɗanda da kyar suke iya zura zare a allura, ta haɗiye ta.

"Tun safe abin da ke riƙe da ni ke nan," in ji Inno. "Ina cewa ko ba komai ban bar shi ya tafi haka nan ba. Na yi daidai, ko, Ramlatu?"

Ramlat ta kife wayar a kan buzu, ta kama hannun uwarta da hannu biyu.

"Kin yi daidai, Inno," ta ce. "Tana tare da shi."