Farin Ƙyallen Baba Arzika

"Mushe, ƙetaro ka kama mini, ruwa za su taɓa shi."

Muryar maƙwabcina Baba Arzika ce ta bayan katanga. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin makarantar boko a nan. Hadari ya taso daga wajen Kalfu, baƙi ƙirin, iska har ta fara wasa da kwanonin da matata ta kifa a tsakar gida. Na leƙa ta inda katangarmu ta zube tun bara, na gan shi ƙarƙashin igiyar shanya, hannuwansa sama, yana kokawa da wani farin ƙyalle da iska ke naɗe masa a fuska. Kafin in ƙetara ya durƙushe. Bai saki ƙyallen ba. Ya rungume shi a ƙirji, ya karkata, kafaɗarsa ta sha ƙasa.

"Bai taɓa ƙasa ba ko?" Abin da ya fara tambayata ke nan da na ɗago shi.

"Bai taɓa ba, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Kai ni ɗaka."

Tun ina yaro na san ƙyallen nan, ko in ce na san ƴan uwansa. A ƙarshen layinmu akwai zawiyar Malam Isma'ila, inda tsofaffin unguwa ke zama da'ira bayan magariba suna wazifa. Idan sun kusa ƙarewa sai su shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyarsu don girmama Annabi. Baba Arzika ne mai shimfiɗa shi, shi ne mai ninke shi, shi ne kuma mai wanke shi kowace Alhamis da hannunsa, ko matarsa Inna Raƙiya ba ya bari ta taɓa. Ba malami ba ne. Igiya da guga yake sayarwa a kasuwar Tawa, karatunsa bai wuce gajerun surori ba. Al'adar zawiyar kuwa, idan ɗan da'ira ya rasu, da ƙyallen ake haɗa masa likkafani, sannan a sayo sabo. Baba Arzika ya wanke ƙyallaye da dama, ya ga sun bi wasu zuwa kushewa ɗaya bayan ɗaya.

A gidan likita suka ce zuciya ce. Suka ba shi ƙwayoyi, suka ce ya koma gida ya huta. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga nan duk la'asar, in na taso daga lakwal inda nake koyarwa, sai in ɗauki butar shayina in ƙetara wurinsa.

Wata rana ya daɗe yana duban ƙyallen, wanda ke ninke kusa da matashinsa, sannan ya ce, "Mushe, kai da ka yi karatu, ka san abin da ya kai ni zawiya?"

"Son Annabi mana, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Inna Raƙiya ta ɗago daga tankaɗen da take yi, ta ce, "Ka ji ka. Lokotoro ya ce ka rage surutu."

"Lokotoro ya ce in rage gishiri. Surutu ke kika ce." Ya juyo gare ni. "Abijan ni ke, ina tura amalanke. Ɗaki guda da wani mutumin Barmu, Issufu, yaro mai kirki. Zazzaɓi ya kashe shi ina wurin aiki. Na dawo na iske shi ya sandare. Na hita ina neman wanda za shi kama mini, kowa na sha'aninshi. Daga ƙarshe motar gwamnati ta zo, sunka sa shi cikin baƙar leda. Har yau ban san inda sunka kai shi ba, Mushe. Ko an yi mashi salla, ban sani ba."

Ya karɓi shayin, bai sha ba.

"Bayan nan na ga wasu mutane sun ɗauko gawa, jama'a har ta tare hanya. Na ce wane mai kuɗi ne? Anka ce mai wankin takalmi ne, amma ɗan wazifa ne. Da magariba na bi su. Na zauna can nesa, bakin takalma. Wani tsoho ya waiga, ya janye gwiwarshi ya buɗe mini wuri. Shi ke nan." Ya ajiye shayin. "Ba Allah na tahi nema ba ran nan. Masu ɗaukar gawata na tahi nema. Su Malam suna cewa suna jin wani ƙamshi in an shimfiɗa ƙyallen ga. Ni sabulun da na wanke shi da shi kaɗai ni ke ji. Amma wani lokaci, in muryoyi sunka haɗu, sai in ji tsoro ya hita daga cikina. Ko shi ne imanin, ko ba shi ba ne, ban sani ba. Ka ga laihi ne?"

Na duƙa ina hura gawayi.

"Ina son a sa ni cikinshi," ya ce. "Ka hwaɗa ma mutumin Tamanrasat."

Abdurazak yake nufi. Ɗansa ne na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Saboda kunyar ɗan fari, Baba Arzika bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa zama da shi sun yi hira ido da ido ba. Da yana yaro "wancan" ne, da ya tafi Aljeriya aikin gini ya zama "mutumin Tamanrasat". Mun kuma ji labarin cewa can ya shiga cikin wasu matasa masu wa'azi, waɗanda ke ganin wazifa da ƙyallenta bidi'a ce.

"Baba, da kai ka hwaɗa mashi da bakinka."

"Ni? In dubi idonshi in roƙe shi?" Ya kau da kai. "Tare kunka yi wasan ƙasa. Kai za shi ji."

Inna Raƙiya ta sa aka kira shi a salula. Ya iso wata ranar Talata a motar Agadas, ya rame, gemu ya cika masa fuska, wandonsa bai kai idon sawu ba. Ya durƙusa bakin ƙofa ya yi gaisuwa. Uban ya juya fuska ga bango ya ce, "An zo lahiya?" kamar da bangon yake magana.

Ban taɓa ganin ɗa ya yi jinya kamar Abdurazak ba. Shi ke ɗaga shi, shi ke kai shi bayan ɗaki, shi ke matsa masa ƙafafu har barci ya ɗauke shi. Sai dai ranar da ya iso ya ɗauke ƙyallen daga kan gadon, ya ɗora shi saman akwati, can inda hannun mai jinya ba ya kaiwa. Uban ya bi shi da ido.

Na yi niyyar faɗa masa. Muna zaune a zaure da yamma, muryoyin tsofaffi na tasowa daga zawiya, na ce, "Ka ji su. Kullum suna tambayar jikin Baba."

"Allah shi shirye su," ya ce a hankali, ba da faɗa ba. Ya ɗage wandonsa ya nuna mini wani dogon tabo a ƙwauri. Ya kira ni da sunana, ya ce, "Jibrilla, daga bene na hwaɗo. Mai aikin ya sa anka aje ni bakin hanya kar ƴan sanda su gan ni wurinshi. Ba takarda, ba ɗan uwa. Ƴan wani masallaci na can sunka ɗauke ni. Su sunka yi mini wanka, su sunka ba ni abinci a baki. Ina kwance suna karatu, ina ji, har na gane addinina. Kahin nan salla ma sai na ga dama." Ya sauke wandon. "Tsoro ni ke ji mashi, wallahi. Tsoho ne mai kirki. Kar shi tahi da abin da za a tambaye shi."

Maganar ta zo mini har baki ta koma. Na ce gobe.

Ranar Asabar da hantsi Baba Arzika ya cika, kansa bisa cinyar ɗan da bai taɓa kiran sunansa ba. Kukan Inna Raƙiya ne ya sanar da ni. Kafin azahar zaure ya cika. Malam Isma'ila ya zo da sandarsa da tsofaffinsa, ya aika aka karɓo ƙyallen wurin Inna, ya riƙe shi da hannu biyu. A daidai lokacin Abdurazak ya shigo daga kasuwa da sabon farin yadi a leda.

Suka dubi juna. Na miƙe.

"Abdurazak, Baba ya bar mini saƙo. Ya ce a sa shi cikin wanga."

"Ya hwaɗa maka?"

"Ya hwaɗa mini. Kahin ka zo."

"Kai ya hwaɗa ma." Ya sake faɗa, yana kallon ledar hannunsa. "Ni ina matsa mashi ƙahwa dare da rana, bai hwaɗa mini ba. Tunda anka haihe ni bai taɓa ce mini in ba shi ko ruwa da sunana ba."

"Kunya ce, ɗana," in ji Malam Isma'ila. "Kai ma ka san kunya ce. Mahaihinka ya wanke ƙyallayen da munka rufe mutane da yawa da su. Yau nashi ne. Yadi ne hwari, awa naka. Ba ya hana komi."

"In yadi ne kawai, Malam, mi ya sa sai shi?"

Malam ya dubi ƙyallen da ke hannunsa.

"Ku yi mini haƙuri, iyayena," Abdurazak ya ce. "Ni za a tambaya. Na san abu bidi'a ne, in naɗe ubana ciki da hannuna, in sa shi rami? In ya same shi can hwa? Ban iyawa."

Wani tsoho ya fara ɗaga murya, Malam ya ɗaga masa sanda. "Ɗanshi ne. Shi ke da iko. Kar mu yi gardama bisa gawa." Ya sa ƙyallen a hammata. "Mu dai a bar mu mu ɗauke shi."

Aka bar su. Tsofaffin nan da ko tsayuwa sai da sanda suka sa kafaɗa ƙarƙashin makara, suna karɓa daga hannun juna, ba wanda ya yarda a ce ya gaji. Ƴan kasuwa suka rufe rumfuna suka biyo, jama'a har ta tare hanya, masu moto suka tsaya suna jira mu wuce. Ina tafe hawaye na zuba, ina tuna Issufun Barmu da baƙar ledarsa. Malam Isma'ila na gefena da ƙyallen a hammata. Na san abin da yake fata. Har bakin kabari yana satar kallon Abdurazak. Abdurazak ya shiga ramin, ya karɓi ubansa cikin sabon yadi, ya kwantar da shi, ya gyara masa kai. Bai ɗago ido ba.

An yi ruwa a daren da ya gabata, ƙasa ta yi laushi. Da Malam ya duƙa zai zuba tasa ƙasar, sandarsa ta zame, ƙyallen ya suɓuce ya faɗa cikin jan taɓo. Na ɗauko shi da sauri. Gefe guda ya riga ya rine.

Da muka dawo Malam ya aika wa Inna Raƙiya da shi. Ya ce nan ne gidansa, ya zauna har su sami mai wanki. Kwanakin da suka biyo ina jin wazifarsu daga ɗakina, muryoyin sun yi ƙasa. Ni da Abdurazak gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ji an ce da an yi sadakar bakwai zai koma Tamanrasat.

Ranar Alhamis da safe na ji ƙarar ruwa a bokiti ta bayan katanga. Na tashi zaune, don shekara da shekaru sautin nan ke tashina ranar Alhamis. Na leƙa ta wurin da ya zube.

Abdurazak ne tsugune, hannun rigarsa a naɗe, yana cuɗa gefen ƙyallen da sabulu. Ya ɗauraye, ya ɗaga shi ga haske, ya sake mayar da shi. Jan bai fita duka ba. Inna Raƙiya na zaune ƙofar ɗaki cikin zanen takaba, carbi a hannu, ba ta ja, kallonsa kawai take yi.

"Inna, wane gehe ya ke hwara ratayawa?" ya tambaya, bai waiga ba.

"Mai ɗinki," ta ce.

Ya matse shi, ya shanya a igiya. Igiyar ta tsufa, ta yi ciki, nauyin ruwa ya ja ta ƙasa. Iska ta taso, bakin ƙyallen ya sauko yana neman turɓaya. Abdurazak ya kai hannu ya tare. Ya duba ko'ina bai ga abin tokarawa ba, sai ya tsaya nan riƙe da shi, ruwa na bin hannunsa yana ɗiga ta gwiwar hannu.