Magaryar Baffa Ubaid

Ranar da Baffa Ubaid ya shigo zauren Khalfan, wurin cike yake da masu taya murna. An ɗora Khalfan kan aikin binne manyan wayoyin da za su kwaso wuta daga sabuwar tashar lantarki ta bakin teku zuwa cikin birnin Maskat. Da kansa ya tashi ya ɗiga wa tsohon gahawa, 'yar kaɗan a gindin finjali, yadda ake yi wa baƙon da ake son ya daɗe. Tsoho ya karɓa, ya dire a kan darduma bai kurɓa ba.

Kowa ya san wanda ya dire finjali da buƙata ya zo.

"Haba Baffa, sha gahawarka," in ji Khalfan. "Ko mene ne, an gama."

"Ba ka ji ba tukuna, ɗan Salim. Haka ubanka yake, bakinsa na riga kunnensa."

Aka kwashe da dariya. Sannan tsoho ya faɗi abin da ya kawo shi. Magaryar ƙofar gidansa ce, wadda shi da marigayi Salim suka tsufa suna gyaran komar kamun kifi a inuwarta. Ma'aikatan binne wayoyin sun zo sun shafa mata jan fenti, alamar za a sare ta.

"In dai ina numfashi, ba mai taɓa ta," in ji Khalfan, har da dukan ƙirji. Baffa Ubaid ya ɗauki finjali ya shanye a gaban kowa.

Kuma fa ba ƙarya Khalfan ya yi niyya ba. Ya sa an zana yadda ramin zai ɗan karkace ya bar bishiyar, makonni kaɗan ne za su ƙaru. Sai ranar taro babban shugabansu ya shigo fuska a murtuke, ya ce zafi na tafe, asibitoci da unguwanni na jiran wuta, duk wanda ya jawo jinkiri ya kuka da kansa. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai mai magana?"

Khalfan ya buɗe baki. Ya dubi sabuwar kujerarsa, ya dubi shugaba, sai ya ɗauki gorar ruwa ya sha. Wallahi ruwa ya sha! Namiji guda da gemunsa.

Daga ranar ya daina bin layin su Baffa. Gara ya zagaya ta gadar sama ya sha cunkoso. In wayarsa ta yi ƙara gabansa ya faɗi, amma tsohon bai taɓa kira ba, kuma wannan ya fi ci masa rai.

Da Sallah ta zo mahaifiyarsa ta tsare shi. "Aminin ubanka ne ba za ka je gaisarwa ba? Ko girman ne ya hau maka kai?"

Ya tafi kamar mai zuwa karɓar bulala. Inda magarya take, baƙar kwalta ce shimfiɗe da murfin ƙarfe a tsakiya. Ko kututture ba a bari ba.

Zauren cike yake, kuma yawancinsu waɗanda suka ji alkawarin ne. Baffa Ubaid ya tarbe shi da fara'a, ya tambayi yara, ya tura masa dabino da alewa.

"Wutarku ba ta ɗaukewa yanzu, ɗan Salim. Sannu da ƙoƙari."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Kunya ta rufe Khalfan har ya kasa ɗaga ido daga darduma.

Tsohon ya miƙe da butar gahawa, yana bin baƙi yana ɗiga wa kowa kaɗan. Da ya iso kan Khalfan sai ya karkata butar bai ɗaga ba. Gahawa ta wuce rabi, ta kai baki, har tana lasar yatsu. Ba wanda bai san ma'anar cikakken finjali ba: sha ka ba mu wuri.

"Baffa, wallahi na so in..."

"Sha, ɗana. Na san ayyuka sun yi maka yawa."

Ya shanye da zafinta, ya fito yana laluben takalmi. Motarsa ta gasu a rana, ƙofar ma ba ta taɓuwa. Ya waiga yana neman inda zai raɓe kafin ta huce, duk layin babu inuwa ko ɗaya.