Matar Kafinta Ta Yi Gadin Jini

Shekara talatin Kafinta yana shaƙar ƙurar katako, sai huhunsa ya gaza. Tari kullum, numfashi kamar ana jan zarto. Ƙwayoyin rage kumburin huhu suna aiki kam, amma sun cika masa fuska har maƙwabta suka fara yi wa matarsa barka da iya kiwo. Ga sikari ya hau. Ya watsa ƙwayoyin bayan kabad, numfashi kuwa ya ƙara ƙuntata.

Likita ta ce akwai hanyar da ake gwadawa: a ɗebi jininsa kaɗan, a cusa maganin cikin jajayen ƙwayoyin jinin, a mayar masa. Su za su riƙa sakinsa a hankali har wata guda, jiki bai galabaita ba.

Ya bari aka ɗiba. Da nas ta nufi wani ɗaki da jinin, nan ya murɗe, mutumin da ko guduma ba ya ba da aronta. Wai a shagonsa ma an sha musanya ƙofar wani da ta wani, balle jini da duk ja ne. In ya ɓace wa idonsa, su riƙe abinsu, ba mai saka masa.

Matarsa ta dube shi, kafaɗunsa na hawa da sauka, leɓɓansa sun yi duhu. Ta san ba shi da watan ɓatawa.

"Nawa idon fa, maigida? Ya taɓa ɓatar maka da ko cokali?"

Ta bi nas. Aka hana ta shiga, sai ta manna goshi a gilashin ƙofa. Awa biyu tana tsaye kan gwiwoyinta masu ciwo, injin cusa maganin na juyawa a ciki. Wasu mata a bayanta suna ta caccakar surukarsu, ba ta waiga ba, ita da ba a gulma a unguwa sai da ita.

Sau ɗaya dai ta yi atishawa, ido ya rufe. Wannan ta bar wa cikinta.

Ta rako jinin har bakin gado. Kafinta ya kafe ta da ido.

"Naka ne," in ji ta. "Da ƙyar ma aka lallashe shi ya sha maganin."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya miƙa wa nas hannu.