Rigar Ƙwallo a Gaban Kaskona

Autana Nasidi direba ne. Shekarar da aka kawo gasar ƙwallon matasan duniya Kaduna, ya yi jigilar Turawa 'yan wasa, ɗayansu ya ba shi rigar ƙwallo. Na wanke, na shanya a ƙofar gida inda nake suyar ƙosai.

Sai maƙwabcina Malam Jumare, sarkin sauraren rediyo, ya bi unguwa yana cewa rigar daga ƙasar da tashar nukiliya ta fashe take, kuma gubar tana bin tufafi. Washegari ko mutum ɗaya bai tsaya gaban kaskona ba.

Na kai ƙararsa wurin Mai Unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san nukiliya ba, amma na san munafuki. Ya sa rigar ya zauna wurina. In ya mutu, likkafaninsa a wuyana."

Mai Unguwa ya amince.

Jumare ya cusa tumbinsa a rigar yana ta salati. Jama'a suka taru kallon faɗuwarsa, suna jira suna sayen ƙosai, har ƙulluna ya ƙare kafin hantsi.

Ya ce, "Iya, in cire?"

Na ce, "Cire, amma gobe ka dawo. Gubar Turawa ba ta gaggawa."