Kazar Auta a wayar Gwaggo

Umma na cikin kicin ta ji salatin Auta daga falo, ta fito da ludayi a hannu. Auta na zaune gaban tsohuwar kwamfutar gidan, ta ɗora hannu biyu a ka. Yayanta kuwa ya rakuɓe jikin ƙofa yana sosa ƙeya.

Abin da ya faru shi ne, Auta ta shafe watanni tana haɗa wasan kwamfuta, aikinta na ƙarshe a jami'a, kuma gobe za ta nuna shi gaban malamai. In babu shi, sai maimaita shekara. A cikin burauza, manhajar shiga intanet, take aikin, a nan kuma yake adanuwa duk sanda ta danna. To, Yaya sarkin gwaninta ya ga kwamfutar na jan ƙafa, ya yi wa burauzar shara tas, sharar ta haɗa da wasan. Auta ba ta taɓa sauke kwafi ta ajiye a gefe ba, kullum sai ta ce bari ya kammala tukuna.

Umma ta saurara har ƙarshe, ta ajiye ludayin a kan firij, ta tambaya ko irin fayil ɗin nan ake nufi mai fitowa in an danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Auta ta ɗago jajayen idanu.

Nan Umma ta gyara ɗaurin zani ta yi bayani, ko a jikinta. Ai duk ranar da Auta ta tafi lakca, ita takan zauna ta danna kibiyar nan kamar yadda take sauke hotuna, ta tura wa dangi a guruf, kowa ya san abin da 'yarta ke yi. Sannan ta goge daga kwamfutar da wayarta don kar Auta ta gani ta yi mata mitar tallata ta. Na ƙarshe ma makon jiya ta tura.

Aka hau kiran waya. Kawu ya ce ya goge, abin ba ya buɗuwa. Inna ta ce ya cika mata waya. Wani ɗan'uwa ma cewa ya yi shi ya ɗauka cutar waya ce. Ran Umma ya ɓaci ƙwarai, ta ce ta gane masu ƙaunarta. Saura Gwaggo, yayar marigayi mahaifin su Auta, wadda wayarta ke ɗaure da roba, ba ta kuma ɗaga kira sai ta ga dama.

Umma ta yafa mayafi ta je ta ɗauko ta da kanta. Gwaggo ta shigo tana haki, ta miƙa wayar, ta ce babu wanda ta goge, hotunan bikin jikarta ma ta zubar don su samu wuri.

Auta ta jawo fayil ɗin ƙarshe daga wayar, ta loda shi cikin burauzar. Allon ya yi fari, ya daɗe a haka har Yaya ya fara addu'a a bayyane. Sai ga wata kaza ja ta ɓullo a bakin titi, 'yan tsakinta na biye, motoci na wucewa. Komai na nan, sai 'yan gyare-gyaren da Auta ta ce kafin magariba ta mayar da su. Ta kifa kai a tebur tana kuka tana dariya. Umma dai sai hura hanci take, tana duban Yaya sama da ƙasa.

Gwaggo ta matso da kujera, ta kafa wa allon ido.

"Ashe kaza ce," in ji ta.

Auta ta share hawaye ta tambaye ta, to da me take gani in ta buɗe? Gwaggo ta ce wasu haruffa ne birjik da lambobi, ba kai ba gindi, ko jikanta mai boko ya kasa karantawa.

"Amma Gwaggo, me ya sa kika ajiye?"

"Ke kika rubuta su, ko ba ke ba? Duk maƙwabtana na nuna musu. Na ce su duba, 'yar ƙanena ce, karatunta ya kai inda ba mai iya karanta shi."