Wuyan Shugaba na Tsakiya

Shekara tara Nedyalko ya yi yana sassaƙa dutse a kan tudun da ke bayan garinsu. Gumakan shugabanni uku gwamnati ta sa aka tsayar a wurin, kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya fi bene mai hawa takwas tsawo. Kafin a fara sai da aka tashi ƙauyen da ke kan tudun, katafila ta bi ta kan gonakin inabi da maƙabarta. A wannan aikin ƙanensa Lyuben ya faɗo daga sama ya mutu. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka maƙala wa Nedyalko lambar yabo, babu wanda ya ambaci Lyuben.

Da mulkin ya faɗi sai gari ya rabu biyu, wasu a rushe, wasu a bari. An ma watsa wa na tsakiya jan fenti, don a zamaninsa aka riƙa kwashe mutane ba sa dawowa. Magajin gari ya kira taro.

Tsvetana, matar Nedyalko, ta goge masa kwat ɗinsa.

"Ka tashi ka faɗi maganar Lyuben," in ji ta. "Kar ka je ka zauna kamar buhun dankali."

Zauren ya cika. Wata tsohuwa mai suna Donka ta buga sandarta a ƙasa.

"Ubana yana kwance ƙarƙashin takalmin wancan ƙaton!"

"Goggo Donka, tarihi ne fa," in ji wani malamin makaranta.

"To ka kai shi tsakar gidanku, ɗan nema!"

Mai otal ya ce in an rushe, me baƙi za su zo kallo, tumbin magajin gari? Aka yi dariya, aka koma ihu. Can magajin gari ya hango Nedyalko a baya, ya kira shi da "Bai", laƙabin girmama dattijo a ƙasarsu.

"Bai Nedyalko, da hannunka ka yi su. Me ka gani?"

Ya miƙe. Ya laluba ransa ko zai sami fushi, bai samu ba. Ko alfaharin ma babu. Sunan ƙanensa yana bakinsa, amma ji ya yi kamar sunan wani ne da ya taɓa gani a jarida.

"Dutsen mai kyau ne," ya ce. "Ba ya shan ruwa."

Ya koma ya zauna.

Aka yanke shawara a sare kan na tsakiya, a bar sauran biyun. Bayan sati uku wata injiniya, Rumyana, ta zo gidansa. Ta ce zanen ginin ya ɓace, ba su san inda rodi ya bi a cikin wuyan ba, zartonsu ya karye har sau biyu.

"Bai Nedyalko, ko za ka iya tunawa?"

Ya ɗauki hularsa ya bi ta. Aka ɗaga su a kwandon ƙarfe har saitin haɓar gunkin. A bayan kunnen ya ga sawun kurfinsa na sassaƙa, layi-layi, yadda ya bar su. Ya shafa wuyan, ya ƙirga taƙi huɗu daga kwalar riga, ya ja layi da alli.

"Nan. Babu ƙarfe a nan."

Kwana biyu ana yanka. Da aka sauko da kan, wasu suka yi tafi, wani dattijo ya cire hula yana kuka, Donka ta tofa yawu ta juya. Nedyalko yana tsaye hannu a aljihu har wata babbar mota ta tafi da kan. A bayan garejin bas aka ajiye kan, aka rufa masa tamfol.

Da ya koma gida Tsvetana ta tare shi a ƙofa.

"To, yaya ka ji?"

"Akwai sanyi a sama."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ta zubo masa miyar wake, ya gutsuri burodi, ya cinye tas.